Shafaffu da Mai: Yadda Doka Ke Aiki Daga Sarkin Yamma Zuwa Yamai

Bambanci wajen zartar da doka shi ne mutum biyu su aikata laifi iri ɗaya, ko su shigar da ƙara iri ɗaya, amma sakamakon ya sha bamban saboda matsayin kowannensu. A Jamhuriyar Nijar wannan bambanci ba a rubuce yake ba. Kundin tsarin mulki na 25 ga Nuwamba 2010, wanda ya yi aiki har 2023, ya ɗauki 'yan ƙasa daidai a gaban doka, kundin laifuffuka kuma bai ware attajiri daga manomi ba. A hanya bambancin yake shigowa: wa za a tsayar, wa za a tsare, wa ke da halin jiran shari'a ta shekara da shekaru, wa kuma ke da wanda zai buga waya dominsa. Waɗanda hanyar ke buɗe musu su ne talakawa ke kira shafaffu da mai.

Sarkin Yamma ƙaramar hukumar karkara ce a gundumar Madarunfa ta jihar Maradi, tare da Gabi da Safo da Jiratawa da Ɗan Isa da Madarunfa kanta. Yanki ne na noma, mai yawan jama'a da ƙarancin gona, kusa da iyakar Najeriya, kuma dajin Baban Rafi yana kudancinsa. Iyaka da daji da gona su ne wuraren da mutumin wannan yanki ya fi haɗuwa da hukuma, tun kafin ya taɓa ganin ƙofar kotu.

Kan iyaka abin ya fi fitowa fili. Arzikin Maradi ya daɗe yana rataye da ciniki da Najeriya, kuma ba duk cinikin ne ke bin ƙofa ba. Masanin nan ɗan Faransa, Emmanuel Grégoire, ya rubuta littafi a 1986 kan alhazan Maradi, inda ya nuna yadda manyan 'yan kasuwa suka bunƙasa ta hanyar tsallakar da taba da atamfa zuwa Najeriya a lokacin da ta hana shigo da su, da kuma yadda kusancinsu da masu mulki ya zama wani ɓangare na jarinsu. Har yau fasalin bai canza sosai ba. Saurayin da ya ɗauro jarkokin man fetur na fasa-ƙwauri, wanda ake kira ruwa-ruwa, a bayan babur ta ɓarauniyar hanya shi ake gani, shi ake kora, shi ake ƙwace wa babur. Mai manyan motoci yana da takardu, yana da wakili a ofishin duwan, kuma idan an kama kayansa dokar duwan kanta ta ba da damar a yi sulhu a biya tara ba tare da an je gaban alƙali ba. Sulhun halal ne a doka, amma sai mai kuɗi a hannu yake amfana da shi.

Rufe iyakar da Najeriya ta yi a watan Agusta 2019 ya ba da misali ƙarara. Ƙananan masu saye da sayarwa tsakanin Ɗan Isa da Jibiya sun tsaya cik, wasu suka koma bin daji cikin haɗari. A watan Nuwamba 2020, iyakar tana rufe, labari ya fito cewa an ba kamfanin siminti na Ɗangote izini na musamman ya fitar da kaya ta ƙasa zuwa Nijar da Togo, kamfanin BUA ma ya samu irin wannan izini. An fara buɗe wasu iyakokin a Disamba 2020, ta Jibiya kuwa sai a Afrilu 2022. Babu wanda ya karya doka a cikin waɗanda aka ba izinin. Dokar ce aka buɗe wa taga daidai girmansu.

A daji ma haka abin yake. Dokar gandun daji ta 2004 ta kare wasu itatuwa, ciki har da gawo, kuma tun 1992 aka tsara kasuwannin itace na karkara domin ƙauyuka su ci moriyar dazukan da ke kusa da su. Matar da aka samu da damin itace ko makiyayin da ya sassabe reshe don dabbobinsa suna nan a gaban ma'aikaci, ba su da wurin gudu. Motar da ke ɗaukar itace zuwa birnin Maradi ta wani ce da ba ya cikin dajin.

Gona ita ce babbar magana, kuma a nan ya kamata a dakata. A kudancin Maradi gonaki sun tsuke saboda rabon gado da yawan jama'a, har ta kai wasu magidanta ba su da abin da zai ciyar da gida wata shida. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta yi abin a yaba: ta amince cewa mallakar gona ta hanyar gargajiya daidai take da mallaka ta takarda. Ta kuma kafa kwamitocin kula da filaye a matakin gunduma, daga baya aka sauko da su ƙananan hukumomi da ƙauyuka, domin su riƙa ba da takardun saye da kyauta da aro da jingina. Matsalar ita ce wanda ya san amfanin takarda shi ke neman ta. Ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati daga birni, idan ya karɓi gona jingina a shekarar yunwa, ba ya tashi sai da sa hannu da hatimi. Manomin da kakansa ya ba da aron gona da baki, a gaban dattawan da yanzu duk sun rasu, ba shi da komai sai rantsuwa. Bayan shekara ashirin jingina ta zama saye, aro ya zama gado. Idan aka je gaban alƙali, takarda tana magana, matattu ba sa magana.

Mata sun fi kowa shan wannan. Binciken da Marthe Diarra Doka da Marie Monimart suka wallafa a 2004 kan kudancin Nijar ya nuna yadda ƙarancin ƙasa ke fitar da mata daga noma, har gamana, wato ƙaramar gonar da miji ya saba ba matarsa, tana ɓacewa. A shari'ar gado da ta filayen gargajiya, kotunan Nijar al'adar masu ƙara suke bi, tare da masu ba alƙali shawara kan al'ada, ƙasar kuma ba ta da dokar iyali guda ɗaya a rubuce. Musulunci ya ba mace rabonta na gado, amma a ƙauyuka da yawa ana cewa gona ba ta rabuwa ga mata, kuma macen da ta kai 'yan'uwanta ƙara tana sayen gona da zumunci.

Rikicin manoma da makiyaya yana bin wannan layi, ko da yake sau da yawa ana yi masa fassarar ƙabilanci. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta kare burtali da mashaya da makiyaya, ta kuma amince da 'yancin yawon kiwo. Hukuma ce ke sa ranar sakin gonaki bayan girbi. Amma idan babban mutum ya nome burtali, da wuya a sa shi ya tashi, kuma idan baƙon makiyayi ya yi ɓarna, kuɗin da za a yanka masa kan wuce ƙimar abin da dabbobin suka ci, domin ba shi da kowa a garin. Akwai kuma ɗaya gefen. Garkuna da yawa yau na alhazai ne da manyan ma'aikata, makiyayin ɗan haya ne kawai. Idan irin wannan garke ya shiga gonar talaka, manomin ne ke rasa wanda zai kai wa kuka. Abin da ke yanke hukunci shi ne wa ke bayan dabbobin, wa ke bayan gonar.

Matakin farko na shari'a a karkara fadar mai gari ce ko ta sarki. Dokar sarautar gargajiya ta 13 ga Janairu 2015 ta ba sarakuna ikon sasanta mutane a al'amuran gargajiya da na mu'amala, ba ikon yanke hukunci ba, kuma laifuffuka irin su kisa da fyaɗe ba hurumin fada ba ne. Wannan tsari yana da amfani na gaske: yana kusa, ana yin sa da Hausa, ba ya cin kuɗi da yawa, kuma mai gari ya san iyakar kowace gona. Rauninsa ma daga wannan kusanci yake. Wanda ke sasantawa yana da surukai da abokai da waɗanda suka taimake shi ya hau gadon sarauta. Mutum yana da damar ya ƙi sulhun ya wuce kotu, sai dai zai dawo ya ci gaba da zama a garin.

Daga fada sai jandarma. Doka ta ƙayyade tsare wanda ake zargi da awa 48, ana iya sabuntawa da izinin mai gabatar da ƙara na gwamnati. Waɗannan awowi su ne lokacin da sanayya ta fi aiki. Masu bincike na cibiyar LASDEL da ke Yamai, irin su Jean-Pierre Olivier de Sardan da Mahaman Tidjani Alou, sun yi shekaru suna nazarin wannan, kuma abin da suka gano ya wuce maganar na goro. Sun nuna cewa alfarma ta fi kuɗi ƙarfi: ɗan'uwa, aboki, ɗan jam'iyya, wanda aka yi makaranta tare. Ma'aikacin da ya ƙi yin alfarma ba a kallonsa a matsayin mai gaskiya, ana kallonsa a matsayin marar mutunci, kuma wata rana shi ma zai buƙaci wani. Wannan ya sa maganin abin ya fi wuya, domin mutanen da ke kuka da alfarmar wasu su ne ke neman tasu idan ɗansu ya shiga hannu.

Wanda ƙararsa ta kai kotu zai fara da ta Madarunfa, manyan shari'u kuma suna zuwa babbar kotun Maradi. Nan wasu shingaye ke jiransa waɗanda ba mugun nufin kowa ne ya kafa su ba. Dokokin da takardun da Faransanci suke, shi kuma sai ta bakin tafinta. Kundin mulkin da gwamnatin soja ta ƙaddamar a Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, amma Faransanci yana nan a matsayin harshen aiki. Kusan duk lauyoyin ƙasar a Yamai suke zaune, tafiyar sama da kilomita 600, kuma ɗauko ɗaya ya fi ƙarfin amfanin gonar shekara. Kowace ɗage shari'a kuɗin mota ne da ranar aiki da ta tafi, idan kuma damina ce, noma ne ya tsaya. Mai hali yana iya ɗage shari'a har abokin ƙararsa ya gaji. A gidajen kaso na Nijar, rahotanni sun sha nuna cewa fiye da rabin waɗanda ke tsare ba a yanke musu hukunci ba, jira suke yi, kuma wanda aka manta da takardunsa ba mai dangi a ofis ba ne.

Alƙalan kansu ba su tsira ba. Mai gabatar da ƙara yana ƙarƙashin ministan shari'a, kuma shi ke da zaɓin ya bi magana ko ya rufe ta. A tsarin 2010 shugaban ƙasa ne ke shugabantar majalisar ƙoli da ke kula da naɗi da canjin wurin aikin alƙalai. Ƙungiyar alƙalai ta SAMAN ta sha fitar da sanarwar kuka kan katsalandan. Alƙalin da ya ƙi jin waya ya san ana iya tura shi kotun Bilma mai nisa.

Shari'ar Hadijatou Mani ta nuna yadda waɗannan matakai ke haɗuwa a kan mutum ɗaya. An sayar da ita a 1996 tana da shekara 12 ga wani mai hali a yankin Ƙonni, a matsayin wahaya, wato baiwar da ubangida ke mayarwa ƙwarƙwara. Nijar ta mai da bauta laifi a 2003, a 2005 kuma ubangidan ya ba ta takardar 'yanci, amma ya ce matarsa ce. Da ta auri wanda take so, ita aka yanke wa wata shida a gidan kaso bisa laifin aure kan aure, ta kuma yi wani ɓangare na wa'adin. Sai da ƙungiyar Timidria da lauyoyi suka kai maganar kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, wadda a ranar 27 ga Oktoba 2008 ta samu gwamnatin Nijar da laifin kasa kare ta, ta umarci a biya ta sefa miliyan 10. Dokar da ta haramta bauta tana nan tun kafin a ɗaure ta. Wadda aka zartar da sauri ita ce wadda ta dace da mai ƙarfi.

A matakin ƙasa, babban misali na 'yan shekarun nan shi ne binciken ma'aikatar tsaro. A farkon 2020, bayan an kashe sojoji 71 a Inates da wasu 89 a Chinagodar, wani binciken cikin gida ya bankaɗo cewa kusan sefa biliyan 76 sun salwanta ta hanyar ƙarin farashi da kayan yaƙin da aka biya ba a kawo ba. A ranar 15 ga Maris 2020 ƙungiyoyin farar hula suka fito zanga-zanga a Yamai, aka tarwatsa su, gobara ta tashi a kasuwar Tagabati, mutum uku suka mutu. An kama shugabannin zanga-zangar, uku daga cikinsu, Maikoul Zodi da Moudi Moussa da Mounkaila Halidou, suka zauna a tsare har ƙarshen Satumba. An tsare 'yar jarida Samira Sabou kusan mako bakwai kan wani rubutu da ya shafi maganar, kafin kotu ta sallame ta. 'Yan kwangilar kuwa hanyar sulhu aka buɗe musu, su mayar da wani abu ko su kawo kayan. Wato waɗanda suka fara kwana a gidan kaso kan wannan magana su ne waɗanda suka yi ƙorafi.

Ba za a ce manya ba sa shiga hannu a Nijar ba. A 2006 an tsare tsofaffin ministoci biyu kan kuɗin ma'aikatar ilimin firamare, abin da ake kira badaƙalar MEBA, kuma ita ce ta kai ga kifar da gwamnatin firaminista Hama Amadou a Mayu 2007. A Afrilu 2022 an tsare wani minista mai ci, Mahamadou Zada, kan zargin karkatar da kuɗi. Amma idan aka duba yawancin irin waɗannan shari'u, za a ga lokacinsu yana tafiya da siyasa. Shari'ar safarar jarirai ta taso wa Hama Amadou a 2014, bayan ya raba gari da shugaba Mahamadou Issoufou, har ya yi takarar 2016 daga gidan kason Filingué. Hamɓararren shugaba Mohamed Bazoum, wanda jiya yake saman kowa, yana tsare tun 26 ga Yuli 2023, duk da umarnin sakinsa da kotun CEDEAO ta bayar a Disamba na shekarar. Kariya ba ta arziki ba ce kawai, ta kusanci da mai mulkin yau ce, kuma tana ƙarewa ranar da mulkin ya juya. Wani lokaci ma ana rubuta ta a doka: kundin tsarin mulkin 1999 ya yi afuwa ga waɗanda suka yi juyin mulkin 1996 da na 1999, shi ya sa ba a taɓa gurfanar da kowa kan kisan shugaba Ibrahim Baré Maïnassara na 9 ga Afrilu 1999 ba.

Maƙwabta ba su fi ba. A Maris 2000 aka yanke hannun Buba Bello Jangebe a Zamfara kan satar saniya. A Janairu 2013 wata kotu a Abuja ta ba John Yakubu Yusuf, wanda ya amsa laifi a badaƙalar biliyoyin naira na fanshon 'yan sanda, zaɓin biyan tarar naira 750,000. Sai a 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da hukuncin ɗaurin shekara shida.

Abin yana da tsohon tushe. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya soki sarakunan zamaninsa kan karɓar gaisuwa da fifita mai dukiya a shari'a. Mulkin mallakar Faransa ya zo da doka biyu a fili, ɗaya ta 'yan ƙasar Faransa, ɗaya ta talakawan mulki, inda kwamanda ke iya ɗaure mutum ko ya ci shi tara ba tare da alƙali ba, kuma ba a soke wannan ba sai a 1946. Janar Seyni Kountché, da ya karɓi mulki a 15 ga Afrilu 1974, ya yi suna wajen tsananta wa ɓarayin dukiyar gwamnati, har yau tsofaffi na ambatonsa da haka. Duk da haka a gefensa Amadou Oumarou Bonkano ya tara dukiya da iko ba mai taɓa shi, har sai da ya yi yunƙurin juyin mulki a Oktoba 1983.

Illar wannan a gundumar Madarunfa ta wuce asarar gona ko babur. Tun wajen 2019 yankin ke fama da ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane da ke tsallakowa daga dazukan kan iyaka, ga kuma dubban 'yan gudun hijira da suka shigo jihar Maradi daga Zamfara da Sakkwato da Katsina. Yaƙi da irin waɗannan mutane yana buƙatar bayanai daga jama'a. Mutumin da ya yi imani cewa wanda ya tona zai fito bayan kwana biyu saboda yana da ɗaurin gindi, shiru zai yi. Wasu kuma sukan ɗauki doka a hannunsu, kuma a irin wannan hukunci baƙo da marar gata ne ke fara shan wuya.

Hukumomin gyara ba su yi ƙaranci ba. A 2011 aka kafa HALCIA don yaƙi da cin hanci, aka ƙara mata iko a 2016. A 2011 ɗin dai aka kafa ANAJJ domin ba marasa hali taimakon shari'a kyauta, tana da ofisoshi a manyan kotuna, ko da yake mutanen ƙauye kaɗan ne suka san da ita. A Nuwamba 2012 aka yi babban taron ƙasa kan gyaran shari'a. Bayan juyin mulkin 2023 gwamnatin soja ta kafa COLDEFF don ƙwato dukiyar gwamnati, sai dai a Fabrairu 2024 ta fitar da dokar da ta cire sayayyar kayan tsaro daga ƙa'idojin ba da kwangila da binciken da aka saba, wato ɓangaren da badaƙalar 2020 ta fito daga cikinsa. A Afrilu 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, har da ta Sarkin Yamma, aka naɗa masu riƙo. Ficewar Nijar daga CEDEAO, wadda ta tabbata a 29 ga Janairu 2025, ta rufe ƙofar kotun da Hadijatou Mani da iyalan Baré suka bi suka samu hukunci a kan gwamnati. Mai ƙara daga Sarkin Yamma yanzu hanyarsa ta cikin gida ce kaɗai: fada, kotun Madarunfa ko ta Maradi, kotun ɗaukaka ƙara, sannan Kotun Ƙasa da aka kafa a Yamai a 2023 a madadin manyan kotunan da aka rusa.